Yadda Ake Kwatanta Ƙwararrun 'Yan Wasan Bidiyo da Ƙungiyoyinsu Bisa Adalci

Duk wanda ya fara bin gasar wasannin bidiyo ta ƙwararru, ko ba daɗe ko ba jima sai ya tsinci kansa a cikin musun wane ne ya fi wani. Masu bin Counter-Strike sun shafe shekaru suna ja-in-ja a kan Oleksandr Kostyliev ɗan ƙasar Yukren, wanda duniya ta sani da s1mple, da Mathieu Herbaut ɗan Faransa, wato ZywOo, sannan daga 2024 wani matashi ɗan Rasha, Danil Kryshkovets da ake kira donk, ya shigo tsakaninsu. Yawancin wannan musu ba ya kai mutane ko'ina, domin kowa yakan ɗauko lambar da ta goyi bayan gwaninsa ne ya kau da kai daga sauran, kuma hakan yana tauye haƙƙin 'yan wasan da suka yi shekaru suna aikin da alƙaluma ba sa nunawa. Akwai hanyar da za a bi a yi kwatanci mai ma'ana, kuma ba ta buƙatar komai sai intanet, da haƙurin karanta alƙaluma, da yarda a zauna a kalli wasan. Zan fi dogara da Counter-Strike wajen kawo misalai saboda an adana tarihin wasanninsa dalla-dalla tsawon shekaru, amma zan leƙa League of Legends da Dota 2 a inda suka fi fito da batun fili.

Fara da tsayar da tambaya

Kafin ka buɗe kowane shafi na alƙaluma, ka tsayar da abin da kake tambaya. Idan aka ce wane ya fi wane, ana iya nufin wanda ya kai ƙololuwar ƙwarewa ko da na shekara guda ne, ko wanda ya daɗe a sama bai sauko ba, ko kuma wanda ya fi tara kofuna, kuma ba lallai amsar ta zama mutum ɗaya ba. Shekarar 2018 ta isa misali. A shekarar nan shafin HLTV, wanda shi ne madogarar masu bin Counter-Strike, ya zaɓi s1mple a matsayin gwarzon ɗan wasa na duniya, alhali kuwa ƙungiyar Astralis ta Denmak ce ta mamaye kakar, har ta doke ƙungiyarsa, Natus Vincere, da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na gasar Major, wato gasa mafi daraja a Counter-Strike, da aka yi a Landan. Wanda ya ce s1mple ya fi kowa a 2018 ya faɗi gaskiya, wanda ya ce Astralis ta fi kowa shi ma ya faɗi gaskiya, tambayoyinsu ne suka sha bamban.

Ka kuma tsaya a cikin wasa guda da lokaci guda. Lee Sang-hyeok na Koriya ta Kudu, wato Faker, wanda ya lashe gasar duniya ta League of Legends tare da ƙungiyar T1 a 2013, 2015, 2016, 2023, 2024 da 2025, ba ya yin aiki irin na s1mple ta kowace fuska, don haka babu lambar da za a jera tsakaninsu ta yi ma'ana. Abin da kaɗai za a iya dubawa shi ne tazarar da kowannensu ya ba tsaransa a nasa fagen, da tsawon lokacin da ya riƙe tazarar.

San aikin kowa a cikin ƙungiya

A Counter-Strike ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum biyar. Ɓangare ɗaya yana neman dasa bam a ɗaya daga wurare biyu da aka ware a taswira, wato filin da ake buga wasan a ciki, ɗayan kuma yana tsare wuraren ko ya kwance bam ɗin idan an dasa, kuma duk wanda aka kashe sai ya jira zagaye na gaba. A Counter-Strike 2 ana sauya ɓangare bayan zagaye 12, kuma wanda ya riga kai wa 13 shi ya ci taswirar. Mutum biyar ɗin nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai madugu, wanda ke tsara dabara yana ba da umarni ana tsaka da wasa. Akwai mai buɗe hanya, wanda ke fara kutsawa wurin da abokan hamayya suka tsare, yana sane da cewa sau da yawa shi za a fara kashewa. Akwai mai riƙe da AWP, bindigar harbi daga nesa wadda harsashinta ɗaya a ƙirji ya wadatar. Akwai mai tallafi da ke jefa gurnetin hayaƙi da na ɗauke gani domin wasu su wuce. Sannan akwai ɗan kwanton ɓauna da ke laɓewa can gefe shi kaɗai yana jiran kuskure.

Wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san ba a auna mai tsaron baya da yawan ƙwallayen da ya zura, to haka abin yake a nan. Mai AWP yana riƙe da makamin dala 4,750 ta kuɗin cikin wasa, yayin da AK-47 take dala 2,700, kuma sau da yawa abokansa ne ke haƙura su saya masa, su bar masa wuraren tsayawa mafi kyau, su kuma yarda ya gudu da bindigar idan zagayen ya lalace. Da wannan gata, dole alƙalumansa su fi na mai buɗe hanya kyau. Kwatanta s1mple da ZywOo yana da ma'ana ne saboda dukansu masu AWP ne kuma a kansu aka gina ƙungiyoyinsu. Idan aka kawo donk cikin maganar sai a yi hattara, domin shi da bindigar kowa da kowa yake wasa, kuma shi ke neman arangamar farko, don haka a ganina maki iri ɗaya a hannunsa ya fi nauyi.

Mutum biyu sun isa su nuna haɗarin riƙe ma'auni ɗaya tak. Finn Andersen ɗan Denmak, wato karrigan, madugu ne da makinsa a manyan gasanni yakan kasance ƙasa da matsakaici, amma shi ya jagoranci FaZe ta lashe Major a Antwerp a 2022 yana da shekara 32. Nikola Kovač ɗan Bosniya, wato NiKo, yana cikin maharba mafi iya saiti da wasan ya taɓa gani, amma ya sha kaye a wasan ƙarshe na Major a Boston a 2018, lokacin yana FaZe ƙarƙashin jagorancin karrigan ɗin, ya sake shan kaye a Stockholm a 2021 tare da G2, kuma har ƙarshen 2025 bai ɗaga wannan kofi ba. Mai ƙirga kisa kaɗai zai raina karrigan, mai ƙirga kofuna kaɗai kuma zai ajiye NiKo a bayan 'yan wasa da dama da ba su kama ƙafarsa ba. Saboda haka ka jera madugu da madugu, maharbi da maharbi, kuma idan madugu kake aunawa, ka duba matsayin ƙungiyoyin da ya riƙe kafin zuwansa da bayan zuwansa, da yadda matasan da suka yi wasa a ƙarƙashinsa suka ci gaba.

Karanta alƙaluma, amma ka buɗe cikinsu

Lambar da aka fi ambato ita ce makin HLTV, wanda aka tsara shi ta yadda 1.00 ne matsakaici. Tsarin da aka fito da shi a 2017 ya haɗa abubuwa biyar: yawan kisa, yawan tsira da rai, ɓarnar da ɗan wasa ya yi wa abokan hamayya, tasirin kisan da ya yi, da kuma abin da ake kira KAST, wato kaso na zagayen da ɗan wasa ya kashe wani, ko ya taimaka aka kashe, ko ya tsira, ko kuma aka rama masa cikin 'yan daƙiƙoƙi bayan an kashe shi. Kada ka tsaya a kan jimillar makin. Ka buɗe shafin ɗan wasan ka duba ɓarnar da yake yi a kowane zagaye, ka tuna cewa kowane ɗan wasa yana fara zagaye da ƙarfin rai 100, don haka mai kai wa 85 ko fiye a manyan gasanni yana ɗaukar kaya mai nauyi. Ka duba KAST ɗinsa, domin shi ke nuna mai amfani a kusan kowane zagaye, saɓanin wanda zai kashe huɗu a zagaye ɗaya sannan ya ɓace a biyar masu zuwa. Mafi muhimmanci a wurina shi ne arangamar farko: sau nawa yake shiga, kuma sau nawa yake cin nasara. Ƙungiyar da ta fara kashe mutum ɗaya ta koma biyar da huɗu, kuma galibi ita ke cin zagayen, don haka wanda ke shiga arangamar farko da yawa yana cin fiye da rabi yana ba ƙungiyarsa abin da ya fi makinsa daraja.

Sai kuma batun kuɗin cikin wasa, wanda sabon mai kallo yakan manta da shi. Kowa yana fara rabin wasa da dala 800, kuma abin da zai iya saye a gaba ya dogara ne da cin zagaye ko faɗuwa. Akwai zagayen da ƙungiya ke shiga da ƙananan bindigogi kawai, ba sulke, domin ta tara kuɗin zagaye na gaba. Kashe mutum uku a irin wannan zagaye bai kai kashe mutum ɗaya ba a zagayen da kowa ya sayi cikakkun makamai, amma a tsohon lissafi duka kisa ne. Haka nan ɗan wasan da ke ɓuya ya ceci bindigarsa duk lokacin da zagaye ya yi tsami zai tara makin tsira, wani lokaci bisa umarnin madugu, wani lokaci kuma don kare lambobinsa. Sabon tsarin makin da HLTV ya fito da shi a 2025 ya yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar la'akari da makaman da ke hannun kowa da yadda kowane kisa ya sauya damar cin zagayen. Wannan ci gaba ne, amma yana nufin kada ka ɗauki makin da aka lissafa da tsohon tsari ka jera shi kai tsaye da na sabo.

Bayan haka ka tace alƙaluman, domin shafin yana ba da damar yin hakan. Zaɓi wasannin da aka yi da ƙungiyoyi goma ko ashirin na sama kawai, ka ga ko makin ya tsaya ko ya zube. 'Yan wasa da yawa suna haskakawa a kan ƙananan ƙungiyoyi, su dusashe idan sun haɗu da manya. Sannan ka raba wasannin da aka yi ta intanet daga waɗanda aka yi a zaure ɗaya, da ake kira LAN, inda kowa ke amfani da na'ura iri ɗaya a gaban dubban 'yan kallo. Ta intanet akwai jinkirin saƙo tsakanin kwamfuta da uwar na'ura, wanda ake aunawa da kaso ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma duk wanda ya taɓa buga wasa daga Afirka ta Yamma a kan na'urar da ke Turai ya san yadda jinkirin nan ke sa a harbe mutum kafin ya ga wanda ya harbe shi. A 2020 annobar korona ta mayar da kusan dukkan gasanni intanet, ba a yi Major ko ɗaya ba, kuma a watan Yulin shekarar ƙungiyar BIG ta Jamus ta hau matsayi na ɗaya a duniya, matsayin da ba ta riƙe ba da aka koma zaure. Ba a zubar da nasarorin wannan lokaci, sai dai a ajiye su a nasu gurbin daban.

Yawan wasannin da ka duba shi ma yana da nauyi. A gasar Katowice ta farkon 2024, donk ya samu maki 1.70 yana da shekara 17, abin da ya girgiza kowa, amma gasa ɗaya ba ta isa hujja ba. Abin da ya tabbatar da shi shi ne ya ci gaba a haka tsawon shekarar har ya taimaka wa ƙungiyarsa Team Spirit ta lashe Major a Shanghai a watan Disamba. Kada ka yanke hukunci a kan ƙasa da kaka guda, kuma ka ware makin wasannin rukuni daga na zagayen sili ɗaya ƙwale, domin a can ne matsi yake.

Idan ƙungiyoyi kake kwatantawa

Abu na farko shi ne ka gane cewa suna ba shi ne ƙungiya ba, mutum biyar ɗin da kocinsu su ne ƙungiya. Natus Vincere ta lashe Major a Stockholm a 2021 ba tare da ta rasa taswira ko ɗaya ba, ta sake lashewa a Copenhagen a 2024, amma ɗan wasa ɗaya tak, b1t, ya buga duka biyun, tare da koci B1ad3. Waɗannan ƙungiyoyi biyu ne masu riga ɗaya. Saboda haka duk lokacin da za ka yi kwatanci, ka rubuta sunayen mutum biyar ɗin da watan da suka haɗu da watan da suka rabu, ka ƙirga abin da suka yi a tsakanin nan kawai. Astralis ɗin da ake magana a kanta ita ce ta gla1ve, device, dupreeh, Xyp9x da Magisk, ƙarƙashin koci zonic, wadda ta cika a watan Fabrairun 2018.

Abu na biyu shi ne kada ka bar kofi ɗaya ya yanke maka hukunci, komai girmansa. Zagayen ƙarshe na Major ƙungiyoyi takwas ne a tsarin sili ɗaya ƙwale, don haka wadda ta ci karawa uku a cikin 'yan kwanaki ta zama zakara. Gambit ta yi haka a Kraków a 2017, Outsiders ta yi a Rio a 2022, kuma duk da cewa sun cancanci kofunansu, babu wadda ta mamaye shekararta. A ɗaya gefen, Team Liquid ta lashe manyan gasanni huɗu cikin kwana 63 a 2019 ta karɓi kyautar Intel Grand Slam ta dala miliyan ɗaya, amma da aka zo Major na Berlin sai Astralis ta fitar da ita a kwata fainal. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne a haɗa biyun: a ga ƙungiyar tana kai wa wasan kusa da na ƙarshe a kusan kowace gasa tsawon shekara, sannan a ga ta ci babbar gasar idan ta zo. Da wannan ma'auni Astralis ta tsaya ita kaɗai na tsawon lokaci, domin ta karɓi Grand Slam a 2018 kuma ta lashe Major uku a jere, a Landan, Katowice da Berlin. Vitality ta 2025, wadda ta lashe gasanni bakwai a jere a rabin farko na shekarar, ciki har da Major na Austin, sannan ta ɗauki Major na biyu a Budapest, ita ce a ganina ta farko da za a ajiye a gefenta ba tare da an ji kunya ba.

League of Legends ta fi fito da wannan matsala fili. Gen.G ta lashe gasar Koriya sau huɗu a jere daga 2022 zuwa 2024, ta kuma ci gasar tsakiyar kaka ta duniya a 2024 da 2025, amma a duka shekarun biyu an fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya, yayin da T1, wadda ta shiga gasar 2024 a matsayin ta huɗu daga Koriya, ta ɗauki kofin. Wanda ya ce Gen.G ta fi ƙarfi a tsawon shekara yana da hujja, wanda ya ce T1 ta fi iya babban fage shi ma yana da ita, kuma tun da T1 ta maimaita abin sau uku a jere ba za a ce sa'a ce ba.

Abu na uku ya keɓanta ga Counter-Strike, wato yawan taswirorin da ƙungiya ta iya. Taswira bakwai ake bugawa a gasa, kuma kafin kowace karawa ƙungiyoyin biyu suna cire waɗanda ba sa so su zaɓi waɗanda suke so. Ƙungiyar da ta iya uku kacal za ta iya cin karawar taswira ɗaya, amma a karawar taswira uku ko biyar asirinta zai tonu. Ka duba kason nasararta a kowace taswira, ka ga wadda take cirewa kullum, ka kuma ga ko tana da wadda kowa ke tsoron haɗuwa da ita a kai. Astralis ta ci taswirar Nuke sau 31 a jere kafin ENCE ta Finlan ta karya mata a Madrid a 2019, kuma hakan ya tilasta wa abokan hamayyarta su riƙa ɓata damarsu ta cirewa a kan Nuke, su bar mata sauran.

Akwai wata jarrabawa mai amfani idan dama ta samu, ita ce a ga ƙungiya ba tare da gwaninta ba. A watan Yulin 2023 ciwon hannu ya sa Faker ya huta na kusan wata guda, kuma a tsawon lokacin T1 ta ci karawa ɗaya ta faɗi bakwai da sauran 'yan wasanta huɗu ba a sauya ko ɗaya ba. Da ya dawo, wannan ƙungiya ɗin ce ta lashe gasar duniya a Seoul a watan Nuwamba. Babu wata lamba a shafin alƙaluma da ta bayyana darajarsa kamar waɗannan makonni. Sai dai a yi amfani da jarrabawar da hankali. Nasarar Natus Vincere a Copenhagen bayan s1mple ya tafi hutu ba ta nuna cewa shi ne matsalar ba, domin an sauya madugu da kusan dukkan tsarin ƙungiyar.

Kuɗin da aka ci ba ma'auni ba ne

Ba sai an daɗe a kan wannan ba. Gasar The International ta Dota 2 ta tara sama da dala miliyan 40 a 2021, saboda kamfanin Valve, mamallakin Dota 2 da Counter-Strike, yana zuba wani kaso na abin da masu wasa suka saya a cikin kyautar, yayin da Major na Counter-Strike da aka yi a Stockholm a shekarar yake da dala miliyan 2. Shi ya sa 'yan Dota 2 suka cika saman jerin masu kuɗi, inda Johan Sundstein na Denmak, wato N0tail, ya haura dala miliyan 7. A 2019 Kyle Giersdorf ɗan Amurka ya ci dala miliyan 3 a gasar Fortnite guda ɗaya yana da shekara 16. Jerin nan yana nuna yadda kowane kamfani ke raba kuɗi ne, ba ya faɗin wanda ya fi iya wasa.

Zamani da zamani

Wasan bidiyo yana sauyawa a ƙarƙashin ƙafar masu buga shi, domin kamfanin da ya mallake shi yana iya gyara dokokinsa duk lokacin da ya ga dama. A ƙarshen 2022 Valve ya rage harsasan da AWP ke ɗauka daga goma zuwa biyar. A watan Satumban 2023 Counter-Strike 2 ya maye gurbin tsohon wasan, aka rage zagayen da ake buƙata daga 16 zuwa 13, hayaƙin gurneti ya koma yana cika wuri yana kuma buɗewa idan aka jefa masa wani gurnetin, abin da ya rushe dabarun da aka yi shekaru ana ginawa. A League of Legends kuwa kusan duk mako biyu ake sabunta wasan. Saboda haka idan za ka kwatanta ƙungiyar Ninjas in Pyjamas ta Suwidin, wadda ta ci taswira 87 a jere a zaure tsakanin 2012 da 2013, da wata ƙungiya ta yau, ka tuna cewa a lokacin wasan sabo ne, ƙungiyoyi kaɗan ne ke da albashin kirki, kuma tsarin masu horarwa da masu nazarin abokan hamayya bai kankama ba. Hakan bai rage musu daraja ba, amma abin da za ka auna shi ne tazarar da suka ba mutanen zamaninsu. A nan ne kuma daɗewa take samun nauyinta: ɗan wasan da ya ci gaba da cin kofuna bayan an sauya wasan sau da yawa, kamar dupreeh da ya ɗaga Major na biyar tare da Vitality a Paris a 2023, ya nuna ƙwarewar da ba ta rataya a kan salo ɗaya ba.

Ka kuma binciki ko akwai tabo a kan sakamakon da kake dogara da shi. A watan Satumban 2020 hukumar ESIC, mai yaƙi da maguɗi a gasannin wasan bidiyo, ta dakatar da masu horarwa 37 saboda sun yi amfani da wani kuskure a cikin wasan da ke ba su damar ganin motsin abokan hamayya, kuma wasannin da abin ya shafa suna nan a cikin alƙaluma kamar sauran.

Daga ƙarshe ka kalli wasan

Alƙaluma za su rage maka jerin zuwa mutum biyu ko uku, amma ido ne zai raba tsakaninsu. Cikakkun wasannin manyan gasanni suna nan a YouTube, kuma HLTV yana ajiye fayil ɗin wasa da ake buɗewa a cikin Counter-Strike a bi ɗan wasa guda daga farko zuwa ƙarshe. Ka guji gajerun faifan bajinta da ake yaɗawa, domin an tsince su ne daga wasanni masu yawa kuma kowane ƙwararre yana da irinsu. Zaɓi taswira ɗaya, ɓangare ɗaya, ka kalli 'yan wasan biyu a kanta suna karawa da ƙungiyoyi masu ƙarfi iri ɗaya, kuma ka tabbata a cikin wasannin akwai wanda kowannensu ya faɗi, domin a nan ake ganin wanda ke ci gaba da neman arangama da wanda ke ja da baya. Ka ajiye takarda ka riƙa rubuta abin da ya faru a kowane zagaye: inda ya tsaya, ko wani ya jefa masa gurneti kafin ya shiga ko shi kaɗai ya kutsa, ko yana kusa da abokinsa ta yadda zai iya rama masa, da kuma ko mutuwarsa ta buɗe wa ƙungiyar hanya ko ta tashi a banza. Ka riƙa leƙa ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo fiye da yadda kake kallon bakin bindiga, domin ita ke nuna yadda mutum biyar ɗin ke motsi tare. Idan 'yan wasan biyu sun taɓa karawa da juna a zagayen sili ɗaya ƙwale, ka fara da wannan karawar, ka kalle ta sau ɗaya ta idon wannan, sannan ka maimaita ta ta idon wancan.